Ragon Turka Ya Ƙi Cin Abinci: A Ciki Laifin Yake Ko A Ka?

Yau za mu bar murhu da keken ɗinki su huta, mu zaga bayan ɗaki wurin turke, inda da yawa daga cikinmu suka ɗaure ɗan abin da suka mallaka a duniya.

Duk wadda ta san ƙasar Makarfi da Ikara da Kudan ta san abin da nake nufi. Ki shiga Gimi ko Gazara, ki bi ta Paki da Saulawa, ki faɗo Likoro ko Hunƙuyi, da wuya ki yi sallama a gida uku ba ki ji kukan rago ko akuya ba, kuma in kin tambaya sau da yawa za a ce miki na uwargida ne ko na amarya. Wata adashi ta ɗauka ta saya, wata ribar ƙuli-ƙuli ce ta tara, wata kuwa kwanon jerenta ta sayar. Maza suna can wajen rake da tumatir da masara, ita kuwa wannan rago shi ne bankinta. Daga jikinsa za a fitar da kuɗin jarrabawar yarinya, da gadon aurenta, da na asibiti in ciwo ya zo ba shiri.

To, 'yan shekarun nan kiwon turka ya shiga wani hali. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu 2023, dusa da harawa da kowa suka bi sauran kayan masarufi suka hau. A watan Yuni 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. Sa'an nan a watan Mayu 2025, ana saura 'yan makonni Babbar Salla, gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi daga ƙasarta, alhali kuwa kowa ya san yawan ragunan da kan kwararo kasuwanninmu daga wajen Maraɗi da Damagaram. Watau abu biyu suka haɗu a kan mai turka: ragon gida ya yi daraja, abincinsa kuma ya yi tsada. Kowace tana so nata ya cika ido da wuri kuma da ɗan kuɗi kaɗan. A irin wannan lokaci ne mai tallar ƙwaya yake samun kasuwa.

Wata ƙanwar maigidana da ke aure a wani ƙauye kusa da Makarfi ta sayi ɗan ragonta 'yankasa, saura wata uku Salla. Mako biyu na farko yana ci kamar ba gobe. Daga nan sai ya fara yanga, ya sunsuni dusa ya kau da kai, ya ɗan tsinci harawa ya koma ya kwanta. Ranar kasuwa aka kawo mata wasu ƙwayoyi a ƙunshe cikin takarda, ba suna ba kwali, aka ce ta daka ta zuba masa a ruwan dusa. Ya ɗan ci na kwana uku ko huɗu, ya sake tsayawa. Ga ciki ya yi tulu, ga ƙashin baya ana ƙirgawa. Da na je gaishe su ta ja ni wurin turke ta ce, "Yaya, ke da kike karance-karance, don Allah ita yunwar nan a ina take zaune? In a ciki take, ai ga ciki nan ƙato." Na yi dariya a lokacin, amma fa tambayar ba ta dariya ba ce, domin masana ilmin kimiyya sun shafe fiye da shekara 80 suna bin sawunta.

Amsar da suka samu ita ce, ciki yana kai rahoto ne kurum, amma hukunci a ka ake yanke shi. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da ake kira haifotalamas, a jikin mutum girmansa bai fi ƙwallon dabino ba. A 1940 wasu masana biyu a Amurka suka lalata wani gefe nasa a kan ɓeraye, sai ɓerayen suka kama ci ba ƙaƙƙautawa har suka zama kamar tulu. A 1951 kuma wani likita Ba'indiye, Anand, da abokin aikinsa Brobeck, suka lalata wani gefen dabam, sai ɓerayen suka ƙi ci sam, ga abinci a gabansu har yunwa ta kashe su. Cikinsu lafiya lau, haƙoransu lafiya lau. Abin da ke cewa "tashi ka ci" ne aka kashe.

Yadda wannan wuri yake aiki kuwa, mu matan kulle mun fi kowa saurin ganewa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kamar gidaje ne a unguwa, ba sa fita, sai dai su yi aike. Suna da waɗansu ƙananan sinadarai da Turawa ke kira niyurofeftayid, mu a nan bari mu ce musu 'yan aike. Ɗan aike zai tashi daga wannan gida ya je zauren wancan ya yi sallama. In akwai wanda ya san muryarsa a zauren, a amsa masa, saƙo ya shiga ciki a aikata. In babu, ko ya kwana yana sallama a banza. Waɗannan masu amsa sallama su ne makarɓai, kuma kowane ɗan aike da irin makarɓan da suka san shi. Ku riƙe wannan da kyau, domin kusan duk maganin sa cin abinci ko na hana shi da za ku ji labari, aikinsa ke nan: ko ya kwaikwayi muryar wani ɗan aike, ko ya tsaya a bakin zaure ya tare hanya.

Babban ɗan aiken yunwa shi ne wanda ake kira NPY. A 1982 aka gano shi a ƙasar Suwidin, Tatemoto da Mutt suka tace shi daga ƙwaƙwalwar aladu. A 1984 aka ɗiga shi cikin kan ɓeran da ya riga ya ƙoshi, nan take ya koma kan abinci kamar wanda ya kwana uku bai ci ba. Daga baya aka gwada a kan tumaki da 'yan tsaki, abin ya zo daidai. Abin mamaki, shi wannan ɗan aike zaure fiye da ɗaya yake da shi. In ya yi sallama a makarɓan da ake kira Y1 da Y5, ci ake yi. Amma akwai Y2, wanda in aka taɓa shi ci raguwa yake yi, kuma akwai wani sinadari da hanji ke aikowa bayan an ci abinci wanda shi wannan zaure yake nufa. Ashe ma'anar saƙo tana ga wanda ya karɓe shi.

Ƙwayoyin da ke aiko NPY suna aiko wani abokin tafiyarsa, AgRP, wanda aikinsa tare hanya ne. Akwai wani makarɓi mai suna MC4R, shi ne zauren ƙoshi, in aka yi masa sallama dabba ta ɗaga kai daga akurki ko kwano. To, AgRP zuwa yake ya zauna a bakin wannan zaure ya hana ɗan aiken ƙoshi shiga. A 1997 aka samar da ɓerayen da ba su da MC4R ɗungum, suka yi ta ci suka yi ƙiba. A 1998 aka sami mutane a Ingila da Faransa waɗanda nasu makarɓin ya zo da naƙasa tun daga haihuwa, kuma tun suna yara ba sa ƙoshi da wuri. A 2011 wasu masana a Amurka suka iya kunna ƙwayoyin AgRP da hasken fitila a kan ɓera, cikin 'yan mintoci ƙosasshen ɓera ya faɗa wa abinci, da an kashe fitilar ya bari. A 2015 kuma aka ga cewa ƙwayoyin nan suna lafawa tun daga ganin abinci ko jin ƙanshinsa, tun loma ba ta kai baki ba. Ni dai da na karanta wannan sai na tuna yadda mai girki kan wuni a gindin murhu, in an kwashe tuwo ta ce ita ta ƙoshi. Ban ce dalilin ke nan duka ba, amma abin ya yi kama.

Su kuma waɗannan gidaje na cikin ka, daga ina suke samun labarin abin da jiki ke ciki? Daga wurare da yawa. Tumbi in ya zama wayam yana aiko girelin, wanda Kojima da Kangawa suka gano a Japan a 1999, shi ne mai cewa lokacin ci ya yi. Hanji in abinci ya iso shi yana aiko nasa masu cewa ya isa haka, kamar CCK, wanda tun 1979 aka nuna yana tsayar da tunkiya daga ci, da kuma GLP-1 wanda za mu dawo kansa. Kitse ma yana da baki. A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a birnin New York ya gano leftin, sinadarin da kitsen jiki ke aikawa ka yana faɗin yawan ajiyar da ke rumbu. In kitse ya ragu leftin ya ragu, sai 'yan aiken yunwa su tashi tsaye, jiki kuma ya rage kashe ƙarfi a kan abin da ba dole ba, har da haihuwa. Yana daga cikin dalilan da suka sa ramammiyar tunkiya kan yi jinkirin ɗaukar ciki. A 1997 likitoci a Kambirij ta Ingila suka sami yara biyu 'yan dangi ɗaya, asalinsu Pakistan, waɗanda jikinsu ba ya yin leftin ko kaɗan. Kullum cikin kukan yunwa suke, ga ƙiba ta fitar hankali. Da aka fara yi wa irin waɗannan yara allurar leftin sai cin ya daidaita. Sai mu riƙa sassauta harshe wajen kiran yaro mai haɗama ko acici, wani abin ba halinsa ba ne, halittarsa ce.

Kada kuma a ɗauka dabbobi duka ɗaya ne. Girelin da ke sa ɓera da mutum ci, in aka sa shi a kan ɗan tsako hana shi ci yake yi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wautar ɗaukar maganin mutum a ba kaza, ko na saniya a ba yarinya. Kajin nan na nama da muke kira buroila kuwa, shekara da shekaru ana zaɓen masu saurin girma ana haɗa su har aka sami kazar da kusan ba ta san ƙoshi ba. Jami'ar Alberta ta Kanada ta gwada irin na 1957 da irin na 2005 a kan abinci ɗaya, a kwana 56 na dā bai kai kilo ɗaya ba, na yanzu ya haura kilo huɗu. Shi ya sa iyayen waɗannan kaji a manyan gonaki auna musu abinci ake yi, in an bar su da son ransu ƙiba za ta hana su ƙwai, ƙafafu su gaza. Har sauro ma yana da nasa. A 2019 masana a Jami'ar Rockefeller suka ba macen sauron da ke yaɗa shawara wasu magungunan rage cin abinci da aka yi domin mutane, sai ta daina neman jini na 'yan kwanaki kamar wadda ta sha ta ƙoshi, saboda tana da makarɓi ɗan'uwan na NPY. Ba sauron zazzaɓin cizon sauro ba ne wannan, kuma abin bai fita daga ɗakin bincike ba, saboda haka kada kowa ta naɗe gidan sauronta tukuna.

Mu koma wurin turke. In rago ya ƙi ci, ma'anarsa ita ce rahoton da ke isa kansa yana cewa kada a ci, kuma aikinmu shi ne mu nemi mai kai wannan rahoto. Na farko da ya kamata a zarga su ne tsutsotsin ciki, musamman ga dabbar da aka sayo da damina ko bayanta. Su da kowace irin cuta mai sa zazzaɓi suna sa jiki ya fitar da sinadaran yaƙi da cuta, su kuwa waɗannan suna isa haifotalamas su danne 'yan aiken yunwa. Shi ya sa malaman dabbobi kullum suke cewa a fara ba rago maganin tsutsa, a duba kaska da ƙwarƙwata, kafin a fara zuba masa dusa. Wadda ta tsallake wannan, tsutsa take yi wa turka.

Na biyu shi ne irin abincin, kuma a nan ne na ga mun fi yin kuskure saboda tsada. Tumbin rago ba irin namu ba ne. Cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne suke narkar masa da ciyawa, su kuma ba sa aiki sai sun sami abinci mai gina jiki. In busasshen kara da ƙaiƙayi da ganyen rake kaɗai ake ba shi, sai abincin ya daɗe a tumbi bai narke ba, jijiyoyin bangon tumbi kuwa suna ta aika wa ka cewa wuri a cike yake. Rago ya ƙoshi a ka, jiki yana rama. Da za a haɗa masa da ɗan harawar wake ko ta gyaɗa, ko tafin hannu na tunkuza ko angurya, sai ƙananan halittun nan su farfaɗo, tumbi ya riƙa saukewa da wuri, ragon ya ƙara cin karan da dā yake ƙi. Watau ɗan abu mai kyau kaɗan shi ke buɗe wa mai arha hanya. Rago mai kilo 30 yana bukatar wajen kilo guda na busasshen abinci a yini, da ruwa mai tsabta a gabansa kullum, da ɗan gishiri ko kanwa, da inuwa. Zafin rana kansa yana rage ci, dabbar da aka ɗaure a tsakar rana cikin watan Afrilu ba za ta ci kamar ta gindin bishiya ba. Akwai kuma kishiyar wannan kuskure: a tashi rana ɗaya a tula wa rago tsabar masara ko ragowar tuwo mai yawa don a yi sauri. Tumbi sai ya yi tsami, ciki ya kumbura, ya daina ci, wani ma ya mutu a daren. Hatsi da kaɗan-kaɗan ake saba masa.

To, ina matsayin ƙwayar cikin takarda? Galibin abin da ake sayarwa don ƙiba, na dabba ko na mutum, wanda mutane suka laƙaba wa suna sha-ka-fashe, ba ya wuce abu biyu. Ɗaya shi ne saifuroheftadin, wanda ke cikin Periactin da Apetamin. Asalinsa maganin ƙaiƙayi da borin jini ne, amma yana zuwa ka ya tare wasu zaurukan da saƙon ƙoshi ke bi, sai mutum ya ji yana son ci, ya kuma yi ta barci. Ɗayan shi ne deksametason, wanda aka fi sani da deksa. Shi magani ne mai daraja a hannun likita, yana ceton rai a ciwon asma mai tsanani da wasu cututtuka. Yana zuga 'yan aiken yunwa, gaskiya ne. Amma in aka daɗe ana sha, naman jiki yake zaizayewa, ya tara kitse a fuska da ciki da doron wuya, ya kwance wa jiki ɗamarar yaƙi da cuta. Ragon da tsutsa ko ciwon huhu ya hana shi ci, in aka ba shi deksa, an rufe bakin mai kai rahoto ne, an kuma buɗe wa cutar ƙofa. Akuya ko tunkiya mai tsohon ciki kuwa tana iya zubar da cikin. A Bangaladash an daɗe jaridu suna kuka da masu ɗura wa shanu irin wannan magani gab da Babbar Salla. Kuma naman dabbar da aka yanka ba a jira magani ya fita daga jikinta ba, cikin tukunyarmu zai ƙare. Malamai sun gaya mana dabbar layya ba a son marar lafiya ko ramammiya. Wanda ya ɓoye ramar da magani ya sayar, sai ya je ya tambaye su hukuncinsa.

Yanzu ku matso kusa, 'yan makaranta, da ku iyayen amare, don wannan ɓangaren naku ne. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ƙwayar da ake daka wa rago ita ce wasu 'yan mata ke sha in biki ya matso, wai kada dangin miji su ce an kawo musu sillen kara. Wata ma uwarta ce ke sayo mata. Kumatun da deksa ke kawowa ba lafiya ba ce, alamar ciwo ce da likitoci suka sani sarai. Bayanta akwai hawan jini, da ciwon sukari, da raunin ƙashi, da rikicewar al'ada, da fatar ciki da cinya mai tsattsagewa. Wani haɗarin kuma da ba a faɗa wa masu sha: wadda ta daɗe a kansa, jikinta ya daina yin nasa sinadarin, in ta bari rana ɗaya tana iya faɗuwa rai a hannun Allah. Saboda haka wadda ta riga ta fara kada ta yanke da kanta, ta je asibiti ta faɗi gaskiya a rage mata sannu a hankali. Shi kuma saifuroheftadin, yarinyar da ke gyangyaɗi a aji tun ƙarfe tara me za ta rubuta ranar jarrabawa? An sami waɗanda ya taɓa musu hanta, ba a kuma yarda mai shayarwa ta sha shi ba. A 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'arta game da Apetamin. Yarinyar da ba ta cin abinci, a yi mata abin da ya kamata a yi wa ragon: a nemi dalili. Ko tsutsa ce, ko ƙarancin jini, ko zazzaɓi, ko gyambon ciki, ko kuwa wata damuwa ce take ci mata rai ba ta da wanda za ta gaya wa.

Abin dariya, muna nan muna sayen yunwa, masu kuɗin duniya suna can suna sayen ƙoshi. Allurar nan ta Ozempic da aka amince da ita a Amurka a 2017 don ciwon sukari, da 'yar'uwarta Wegovy ta 2021 don rage ƙiba, duka na kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak, muryar GLP-1 suke kwaikwayo, su je zaurensa a ka su ce an ƙoshi. Magani na farko na wannan dangi ma daga dafin wani ƙadangare na hamadar Amurka aka samo shi. A gwajin da aka buga a 2021 masu allurar sun rage wajen kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a mako 68, amma waɗanda suka bari, kashi biyu cikin uku na abin da ya zube ya dawo cikin shekara. A watan Yuni 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa an kama jabunta a ƙasashe uku. Na faɗi wannan ne saboda matanmu na birni da suka fara sayenta ta waya.

Akwai inda wannan ilmi ya fi turka da kwalliya nauyi, watau wurin yaro mai tamowa. A watan Yuli 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun mutu a wuraren jinyarta a Jihar Katsina maƙwabciyarmu cikin wata shida na farkon shekarar, saboda rashin abinci mai gina jiki. Abin da ya kamata kowace uwa ta sani shi ne, a wurin masu jinyar tamowa ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko shi ne na cin abinci. Za a ba yaro ɗan maganin nan na gyaɗa a zauna a gani. In ya ci, kuma ba wata cuta mai tsanani tare da shi, a gida za a yi jinyarsa. In ya ƙi, kwantar da shi ake yi nan take, domin yaron da ya rame har ya daina neman abinci, alama ce cuta ta danne masa 'yan aiken yunwa kuma jikinsa ya fara sallamawa. Mu kuwa sau da yawa a nan ne muke cewa ya yi haƙuri ya daina rigima, ko mu danne shi mu toshe hanci mu yi masa ɗura, kunu ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu. Wasu kuma su nufi kantin magani a ba su ruwan sa cin abinci. Ramammen yaron da ya ƙi nono ko ya ƙi kunu, ranar za a kai shi asibiti, ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa gobe.

A ganina hukuma tana da bashin da za ta biya matan karkara a kan wannan. A watan Yuli 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar kula da kiwon dabbobi, amma maganar da aka fi ji ita ce ta shanu da burtali da manyan gonaki. Mai rago ɗaya a bayan ɗaki fa? Ga cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa a Shika, wadda tushenta ya faro tun 1928, tafiyar ɗan lokaci ce daga Hunƙuyi. Ga asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Ga makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris a cikin Makarfi kanta. Ilmi yana nan a maƙwabtanmu, abin da ya rage shi ne mai shigo da shi cikin gida, kuma namiji malamin gona iyakarsa zaure. Sai an ɗauki mata wannan aiki, su shiga har wurin turke, su yi magana a makarantun Islamiyya na matan aure da wurin awon ciki. Ku 'yan makaranta da ke tunanin abin da za ku karanta, ga fili nan. Hukumar NAFDAC kuma da masu kula da kantunan magani su leƙa kasuwannin ƙauye ranar da suke ci, domin deksa magani ne da bai kamata a sayar ba sai da takardar likita, ga shi kuwa ana ƙunsa shi kamar daddawa.

Ragon ƙanwar tamu dai, daga ƙarshe maigidanta ya kira wani malamin dabbobi. Ya dudduba ido da baki, ya danna cikin ta gefen hagu, ya ce yana jin wani abu mai tauri da ba abinci ba ne. Ya ce a daina ba shi ƙwayar, a jira 'yan kwanaki ta fita daga jikinsa, sa'an nan a sayar wa mahauci tun yana da sauran nama. Da aka farke tumbin sai ga leda baƙa da fara, da guntun buhu, da igiya, sun cure wuri ɗaya sun kusa cika kwanon sha. Tun yana yawo a bola kafin a kawo shi kasuwa ya haɗiye su. Tumbinsa bai yi ƙarya ba da yake ta gaya wa kansa a cike yake. Kuɗin da mahaucin ya bayar bai kai abin da ta saye shi ba, balle dusar mako shida. Ta ƙara da ɗan abin da ke hannunta ta sayi 'yar tunkiya, ta fara da maganin tsutsa, kuma yanzu aikin 'yarta na farko kowace safiya kafin ta sa kayan makaranta shi ne ta bi tsakar gida da bayan ɗaki ta tsince leda.